Inda filet uku suka haɗu: me ke yamutsa kusurwar, kuma yaya ake gyara ta?

Wani ƙanenmu haifaffen Makka, da ke aikin zane a wata warshar ƙera mol (ƙarfen da ake zuba roba a ciki ta ɗauki siffa) a Sina'iyya, unguwar masana'antu ta Jidda, ya aiko da tambaya. Murfin kwalbar turare yake zanawa a manhajar zane ta Rhino, mai kusurwa huɗu kamar akwati, tsayinsa milimita 40, za a zuba shi da robar ABS sannan a yi masa ruwan kurom, wato rufin ƙarfe mai sheƙi kamar madubi. Gefunan tsaye ya ba su radiyos (girman lanƙwasar da ke kashe kaifin gefe) na milimita 6, gefunan sama na gaba da baya 3, na dama da hagu 2. Ya zaɓe su gaba ɗaya ya buga FilletEdge, umarnin Rhino na kashe kaifin gefe, wato yin filet. Gefunan sun fito sumul, amma a kusurwoyin sama, inda uku suka haɗu, wani wuri an bar masa rami, wani wuri faci mai yamutsi. Ya toshe ramukan da umarnin Patch, a allo suka yi kyau, sai samfurin farko ya dawo daga wurin kurom haske na karyewa a kusurwa kamar an taka gwangwani. Yana tambaya ko laifin Rhino ne, ya koma wata manhajar, SolidWorks.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sauya manhaja tukuna. Na sha fama da wannan kusurwa a SolidWorks, na sha fama da ita a NX, kuma waɗannan biyun ma injin lissafi ɗaya suke hawa, Parasolid na kamfanin Siemens. Gaskiya ne Parasolid ya fi Rhino iya rufe kusurwa da kansa, ba zai cika barin maka rami ba. Amma rufe rami daban, kyan kusurwa a ƙarƙashin kurom daban. Abin da ya same ka shi ne ka yanke shawara a kan gefuna, ka bar wa kwamfuta shawarar kusurwa, alhali kusurwar ce ya kamata ka fara tunani a kanta.

Bari mu fara da yadda manhaja ke kashe kaifin gefe. Ƙwallo take ɗauka mai girman radiyos ɗin da ka ba ta, ta gangara da shi a tsawon gefen yana taɓa fuskoki biyu a lokaci guda, sawun da ya bari shi ne filet. Muddin gefe ɗaya ne, ba gardama. Idan gefuna uku suka haɗu kuma radiyos ɗinsu ɗaya ne, nan ma da sauƙi: ƙwallo ɗaya zai zauna a kusurwar yana taɓa fuskoki ukun duka, facin kusurwar ya zama kashi ɗaya cikin takwas na ƙwallon. Irin kusurwar tsohuwar akwatin ƙarfe ke nan. To kai ƙwallaye uku ka aika, na 6 da na 3 da na 2, kowanne ya iso kusurwar ya tsaya a wurinsa daban. Babu ƙwallon da zai gamsar da su duka. Abin da ya rage a tsakaninsu rami ne mai gefe uku ko fiye, wanda ba shi da suna a lissafi, dole a ƙirƙira masa murfi.

A nan matsala ta biyu take shigowa, kuma ita ce babba. Duk wata fuska da kake gani a Rhino, wadda ake kira NURBS, ƙyalle ce mai gefe huɗu, da zaren tsaye da zaren kwance. Haka aka gaje ta tun daga aikin Paul de Casteljau a Citroën a 1959, da Pierre Bézier a Renault, da Steven Coons a Amurka wanda ya fitar da hanyarsa ta cika gefuna huɗu a 1967. Ka ba tela ƙyalle mai gefe huɗu ka ce ya rufe rami mai gefe uku, hanya biyu gare shi. Ko ya tattare gefe ɗaya ya ƙulle shi a ɗigo guda, kamar cibiyar faifai inda duk saƙar ta taru, ko ya shimfiɗa babban ƙyalle a kan ramin ya yanke abin da ya wuce. Ta farko tana barin cibiya, kuma a cibiyar nan lissafi yana rikicewa: wurin ne yake yamutsewa idan ka zo ba murfin kauri, wurin ne kuma hanyar injin yanka take yin rawa. Ta biyu ita ce abin da Patch yake yi. Yana shimfiɗa ƙyalle ne ya kusanto gefunan gwargwadon iko, ba ya yi maka alkawarin zama daidai da su. Shi ya sa a allo ka ga lafiya, kurom ya tona asiri. Kurom madubi ne, ba ya rufa wa kowa asiri.

Saboda haka kafin ka koyi cika rami mai gefe uku, fara koyon yadda ba za ka haƙa shi ba.

Ka koma kan akwatinka mai kaifi. Ka fara ba bangayen karkatar da za ta sa murfin ya fita daga mol, digiri ɗaya ko ɗaya da rabi, domin wannan kafin filet ake yinsa, ba bayansa ba. Sannan ka yi gefunan tsaye huɗu su kaɗai, da radiyos 6. Yanzu dubi bakin sama: ya zama layi ɗaya mai zagayawa, miƙaƙƙe, lanƙwasa, miƙaƙƙe, babu kusurwa a cikinsa ko ɗaya. Ka gangara da ƙwallo mai radiyos 2 a kan wannan layin gaba ɗaya. Facin da zai fito a kusurwa yanki ne na siffar gammo, kuma gefensa huɗu ne cif: lanƙwasa mai radiyos 6 a ƙasa, mai radiyos 4 a sama, wato 6 a cire 2, da bakin filet biyu dama da hagu. Babu cibiya, babu yanke-yanke. Babba a fara, ƙarami ya bi ta kansa.

Wannan lissafin na 6 a cire 2 shi zai gaya maka inda hanyar take ƙarewa. Idan na sama ya kai 6, radiyos ɗin lanƙwasar sama ya zama sifili, ka koma ƙwallo da cibiyarsa. Idan ya wuce 6, ƙwallon ba zai iya shan kwanar ba, filet ya naɗe kansa ko ya ƙi fita. Mafi muni shi ne na kusa da kusa, kamar 6 da 5.8, domin zai fita amma ya bar wani siririn gefe mai radiyos 0.2 wanda ido ba ya gani sai ya hana ka barci daga baya. Ni dai ba na son babban ya gaza ninki ɗaya da rabi na ƙaramin.

Saura batun 3 da 2 ɗinka. Tambayi mai kayan, don Allah, ko da gaske yana buƙatar bambancin nan. Sau da yawa wani ne ya rubuta lambobin a takarda don zanen ya cika, kuma idan ka ce masa a mai da su duka 2.5 zai ce "ma fi mushkila", wato ba matsala. Idan ya dage, har yanzu ba ka bar hanyar gefe huɗu ba. FilletEdge yana ba ka damar dasa hannaye a kan layin, kowanne da radiyos ɗinsa. Ka sa 3 a gaba, 2 a gefe, amma kada ka matse sauyin a cikin kwanar kaɗai. Ka fara shi kamar milimita 5 kafin kwana, ka ƙare shi milimita 5 bayanta, don filet ya rame a hankali. Idan ka matse shi, layin haske zai yi gwiwa a daidai wurin da ido ya fi kallo.

Akwai inda dokar "babba a fara" ba ta aiki, kuma za ka gamu da shi a cikin murfin, inda haƙarƙarin ƙarfafawa yake sauka a kan bango. A can gefunan ba jinsi ɗaya ba ne: wani mai tudu ne, wani na lungu. Idan biyu jinsi ɗaya ne ɗaya ya fita daban, wanda ya fita daban shi ake fara yi, ko da shi ne ƙarami. Dalili kuwa, biyun da suka rage za su zama layi ɗaya mai zagaya shi ta waje, kuma ƙwallon da ke zagayawa ta waje ba ya rasa wuri, radiyos ɗin ƙaruwa yake yi maimakon raguwa. Inda gefuna huɗu suka haɗu a tsini ɗaya kuwa, kamar kan dala ko wasu murafun mabkhara, wato kaskon turare, ƙwallo ba ya taɓa fuskoki huɗu a lokaci guda sai in siffar daidai take ta kowane ɓangare. Wannan sai hanyar ja da baya, zan zo kanta.

Yanzu maganar da ta fi shafar kurom. Ko ka bi duk abin da na faɗa, kusurwar ta fito da gefe huɗu tsaf, za ka ga haske yana ɗan tsinkewa a layin da filet ya haɗu da shimfiɗaɗɗiyar fuska. Ba kuskure ba ne, halin da'ira ne. Masu wannan aiki suna da matakai uku na haɗuwa. G0, fuskoki biyu sun taɓa juna kawai, akwai kaifi. G1, sun haɗu suna kallon alƙibla ɗaya, yatsa ba ya jin komai. G2, har ƙarfin lanƙwasarsu ɗaya ne a wurin haɗuwar. Filet na ƙwallo G1 ne. Shimfiɗaɗɗiyar fuska lanƙwasarta sifili, filet mai radiyos 2 lanƙwasarsa 0.5, wato ɗaya a raba da biyu, kuma daga sifili ake faɗawa 0.5 a taki ɗaya. Ka tuna hawan Hada zuwa Ɗa'if, titin dutsen nan mai yawan kwana. Direban kirki ba ya fizge sitiyari a bakin kwana, a hankali yake murza shi ya kuma sake shi a hankali. Masu shimfiɗa titin jirgin Haramain, da ke gudun kilomita 300 a awa tsakanin Makka da Madina, ba sa haɗa miƙaƙƙen layi da da'ira kai tsaye, sai sun sa lanƙwasar shiga a tsakani. Haske a kan kurom fasinja ne, yana jin fizgar.

Maganinsa BlendEdge a maimakon FilletEdge, domin shi G2 yake bayarwa, ko a manhajojin SolidWorks da Fusion ka zaɓi filet mai ci gaban lanƙwasa. Sai dai ka san abu biyu. Na farko, G2 yana cin wuri. Idan ka ba shi faɗin da ka ba da'ira, tsakiyarsa za ta matse ta fi radiyos 2 tsini, don haka ka faɗaɗa shi kamar ninki ɗaya da rabi in kana son kamanninsa ya tsaya yadda mai kaya ya gani a hoto. Na biyu shi ne abin da na ga ya fi ɓata wa matasa lokaci: ba za ka yi gefuna da da'ira sannan ka nemi G2 a kusurwa ba. Dubi ɗigon da shimfiɗaɗɗiyar fuska da filet da facinka suka haɗu su uku. Fuska tana ce wa faci lanƙwasarka sifili ce, filet yana ce masa 0.5 ce, a ɗigo ɗaya. Bawa ɗaya iyayengiji biyu. Duk yadda ka buga MatchSrf, umarnin daidaita bakin fuska da maƙwabciyarta, abin da zai yi shi ne ya cusa ɗigogi barkatai kusa da wurin yana neman sulhun da babu shi, ka samu ƙananan raƙuman ruwa. Faci ba ya fin maƙwabtansa santsi. In G2 kake so, tun daga gefuna za ka fara.

To idan siffar ta ƙi duk wannan, ko mai kaya yana son kusurwa mai laushi irin ta sabulun da aka ɗan yi wanka da shi, sai ja da baya, wato a tsayar da kowane filet kafin ya iso kusurwar. SolidWorks da Fusion suna da shi a cikin zaɓin filet, kuma Tamás Várady da Alyn Rockwood sun yi rubutu a kan lissafinsa a 1997. A Rhino da hannu na fi son yinsa. Ka yi filet ukun kowanne daban. Ka yanke kowanne baya da kusurwar, ni nakan fara da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na babban radiyos, a naka ke nan milimita 9 zuwa 12. Mutane suna jin tsoron faɗaɗa ramin, suna ganin ƙaramin rami ya fi sauƙin toshewa. Akasin haka ne, ƙyallen yana buƙatar filin da zai juya. A kan kowace fuska ka haɗa bakin filet biyu da BlendCrv, wanda ke jan layi mai santsi tsakaninsu, ka yanke fuskar da layin. Yanzu raminka gefe shida ne: bakin filet uku, bakin fuska uku.

Shida ta fi uku albarka, domin tana rabuwa. Ka ja layi ɗaya daga wani ɗigon ramin zuwa kishiyarsa, ka samu faci biyu masu gefe huɗu-huɗu. Wannan layin shi ne duk aikin, kuma a nan ne idonka zai yi abin da manhaja ba za ta yi ba. Ka bar shi ya bi tafiyar babban filet, kamar na 6 ɗin ne yake ci gaba yana kwantawa a kan sama, ƙananan su zo su same shi. Akwai masu dasa ɗigo a tsakiya su raba ramin gida uku. Yana yiwuwa, kuma idan radiyos ukun kusan ɗaya ne yakan yi kyau, amma ɗigon tsakiyar nan tauraro ne, wato mahaɗar da facin da ke haɗuwa a kanta ba huɗu ba ne, G1 za ka samu a kansa da sauƙi, G2 kuwa sai an sha wuya. Ko SubD, wani salon gina fuska mai santsi da Rhino 7 ya kawo a 2020, wanda ya samo asali daga hanyar Catmull da Clark ta 1978, santsinsa G2 ne ko'ina ban da kan irin waɗannan taurarin. In dole sai da tauraro, ka tura shi inda fuskar ta fi kwanciya, kada ya zauna a ƙololuwar kwana.

Kowane faci ka gina shi da sauƙi: daraja ta 5 a lissafin lanƙwasarsa, gaɓa ɗaya ba tare da rabe-rabe ba, ɗigon riƙo (ɗigogin da ake ja don lanƙwasa facin) shida ta tsaye da ta kwance. Dalilin shida shi ne sahu-sahu suke aiki. Sahun farko yana riƙe da wurin haɗuwa, na biyu alƙibla, na uku lanƙwasa. Uku daga wannan gefe, uku daga wancan, babu mai taka ƙafar wani. Da EdgeSrf za ka fara, wanda ke gina faci daga gefunansa, sannan MatchSrf gefe bayan gefe, ka fara neman G1 a duka huɗun kafin ka nemi G2 a ko ɗaya. Akwai zaɓin da ke barin MatchSrf ya ƙara gaɓoɓi don ya cika awo. Ka kashe shi da farko. Idan facin ya ƙi zama ba tare da shi ba, yawanci layukan ramin ne ba su dace ba, ka koma ka gyara su. Facin da ya cika da layuka kamar gaɓar rake, a ganina, shaida ce cewa an tilasta masa.

Wajen dubawa kada ka yarda da allon da aka shafa wa launi. Abin da kake gani a can ragar ƙananan alwatika ce da Rhino ya saƙa don nunawa, tana iya ɓoye aibi, tana iya ƙirƙiro wanda babu. Ka ƙara mata yawa sannan ka kunna Zebra, zanen jakin dawa. Inda layukan suka tsinke suka goce wa juna, G0 ne. Inda suka haɗu amma da gwiwa, G1. Inda suka wuce sumul, G2. Ka juya murfin, ka juya layukan tsaye da kwance, domin aibi yakan ɓuya ta wata fuska. Sannan EdgeContinuity ya ba ka lamba. Rhino da kansa yana ɗaukar duk abin da bai kai digiri ɗaya ba a matsayin ya haɗu, kuma digiri ɗaya a kan kurom ana hango shi daga bakin shago. Ni a abin da za a yi wa kurom ba na wuce 0.1. ShowEdges kuma ya tabbatar maka babu gefen da ya rage a buɗe kafin ka fitar da fayil, kuma fayil irin STEP za ka fitar, mai riƙe da ainihin fuskokin, ba STL ba, wanda ragar alwatika ce kawai.

Sauran maganar a warsha take, ba a kwamfuta ba. Kaurin bangon murfinka nawa ne? Idan 2 ne kuma radiyos na waje 2, na ciki ya zama sifili, kaifi ke nan a ciki, kuma nan roba take fara tsagewa. Na waje ya zama na ciki a tara da kauri: bango 2, ciki 1, waje 3. Wannan kaɗai ya isa hujjar da za ka kai wa mai kaya a kan radiyos 2 ɗin nan. Sannan kusurwar da take tudu a murfi lungu ce a cikin mol. Bakin yanka mai kan ƙwallo dole ya fi lungun ƙanƙanta, radiyos 2 yana son baki mai faɗin milimita 3 ko ƙasa, kuma siririn baki irin wannan a zurfin milimita 40 rawa zai yi. Da wuya ba a ƙare da ƙona lungun da wutar lantarki ba, da jan ƙarfe ko girafayit, sannan mai gogewa ya bi da hannu. Idan ka koma G2, auna radiyos mafi ƙanƙanta a tsakiyar kusurwar, shi za ka gaya wa mai injin, ba lambar da ke takarda ba.

Na taɓa kwana uku ina gyaran kusurwoyi takwas a wata masana'anta a Dammam, radiyos ɗinsu bai kai milimita ɗaya ba, sai da zanen jakin dawa ya kwanta kamar ruwa. Da aka gama yanka, dattijon da ke goge mol ya bi lungunan da ɗan itace da man daimon, cikin rabin awa ya mai da su yadda hannunsa ya ga dama. Tun daga ranar, duk abin da bai kai milimita ɗaya ba, ko yana cikin murfi inda ba a gani, ko za a yi masa fuska mai gautsi ba mai sheƙi ba, filet na ƙwallo nake ba shi in wuce. Naka kusurwoyi huɗu ne na sama, a waje, a ƙarƙashin kurom, a kan abin da mai saye zai ɗauka ya jujjuya a hasken shagon turare. Waɗannan sun cancanci wahalar. Ka gina ɗaya kawai da kyau, ka yi madubinta zuwa sauran ukun. Kafin ka aika fayil ɗin, ka sauka ƙasa ka nuna wa mai gogewar warsharku kusurwar a allo, ka tambaye shi ko sandarsa za ta shiga lungun. In ya ce ba za ta shiga ba, ka dawo ka ƙara radiyos.